Kwana Ukun da Wule Ta Ɗauke Nono

Bari in fara da tona ma kaina asiri tun wani bai riga ni ba. Ni Rabe mai tatsa, da gemuna, da matata, da 'ya'ya biyu, na taɓa tsayawa gaban saniya mai shayarwa sanye da rigar kaki, na toshe hanci ina kwaikwayon Bature don matan da ke zuwa rijiya su yi dariya. Sun kau yi dariyar. Abin da ya biyo bayanta shi zan ba ku labari, in za ku iya haƙuri da rubutun mutumin da ya koyi boko bayan ya fara furfura.

Ku yaran yanzu in kuka ga mutum tsugune gindin saniya da ƙwarya tsakanin gwiwoyi, sai ku ce wannan ma aiki ne? Ai ja ne kawai. To ku je ku ja. Saniya ba tulu ba ce da za ka karkata ka tsiyaya. Madarar tana can sama cikin hantsa a riƙe, ba ta saukowa sai uwar ta yarda, ita kuma ba ta yarda sai hankalinta ya kwanta. In ta tsorata, ko hantsar ta cika ta yi tauri, za ka ja har yatsunka su sage, abin da za ka samu bai cika ludayi ba. Shi muke ce ma ɗauke nono. Sana'ata duka, tsakanin Dudunni da Yashe da ƙauyukan Kusada, ba ta wuce lallashin uwa mai tsoro ba.

A rugar Baffa Buba na koya, wani Bafulatani da ke sauka gonakinmu duk rani shanunshi na ba mu taki. Rani guda cur bai bar ni na taɓa hantsa ba. Sai ya ce, "Zauna nan su saba da warinka, kai Bahaushe warin daddawa kake." Haka na zauna cikin kashin shanu ina korar ƙuda, mutanen gari na wucewa suna tambayata ko gadin taki aka ba ni.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙwarya wadda ba a zuba komai cikinta sai madara. Igiyar dabaibayi mai laushi ta ƙafafun baya. Gajeriyar igiya ta ɗaure maraƙi. Ɗan ƙullin kanwa. Sai riga. Rigar nan ita ce babba, don ba a canza ta, ba a kuma cika wanke ta ba. Matata ta sha cewa ko kura ba za ta ɗauke ni cikin rigar ba, amma ita shanu suka sani. Ka zo ta ɓangaren da saniya ta saba ganinka, ka kira sunanta tun daga nesa da muryar jiya. Ka saki maraƙi ya kama nono yana tunkuɗar hantsa da kai. In ka ga kan nonon ya kumbura yana sheƙi, kumfa ta fito bakin maraƙin, to ta sako. Sai ka janye shi ka ɗaure shi a ƙafarta ta gaba, inda harshenta zai kai gare shi. Tana lasa, kana tatsa. In ka gama ka bar mashi nono guda, don ba kai aka haifa ma madarar ba.

Wani falke a Yashe ya taɓa aiko mani, wai an yi ma saniyarshi baki. Har rubutu ya ɗura mata. Na je na samu inuwa na zauna ina kallonta. Na ga ba ta tuƙa, wato ba ta dawo da ciyawa baki tana taunawa kamar yadda saniya mai kwanciyar hankali ke yi. Kunnuwanta duka sun miƙe wajen rumbu. Kashinta ruwa-ruwa. Fatar kafaɗarta na rawa alhali ba ƙuda. Na zagaya bayan rumbun, sai ga fatar kura wani maharbi maƙwabcinshi ya shanya bisa danga. Na lallaɓa maharbin ya ɗauke, kwana biyu saniya ta sako. Ban faɗa ma falken ba. Na ce mashi wani sirri ne na karanta, shi kau ya yi ta yawo da sunana kasuwa-kasuwa.

Daga baya wani malamin allurar dabbobi, wanda ya yi makaranta, ya ce mani tsoro ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba. Wai akwai wani ruwa da jiki ke zubawa cikin jini in dabba ta firgita, shi ke tsuke hanyar madara. In firgitar ta daɗe, ruwan ba ya saurin barin jinin, sai uwa ta bar ci, ta bar tuƙa, madarar ta ƙafe gaba ɗaya. Ni dai ban ga ruwan da idona ba. Aikinshi na gani.

Shekarar da bushiya, annobar shanu, ta shigo ƙasarmu ita ce mummunar shekara. Saniya ta fara hawaye da majina, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo, kwana kaɗan sai a tarar da ita kwance. Ungulu har suka ƙoshi suka bar tashi in mutum ya matso. Baffa Buba ya kora abin da ya rage mashi ya yi arewa, ban ƙara ganinshi ba. Turawa suka kafa sansanin allura bayan garin Kankiya, aka ce kowa ya kai shanunshi. Tatsa ta mutu, sai na shiga cikin masu kamu. A jefa igiya a ƙaho, a murɗe wutsiya, a kayar, a soka allura, a yanke gefen kunne don shaida. Wani Bature mai jar fuska na tsaye yana ihu da 'yar Hausarshi, "Kama! Kama! Kayar!" Allurar ta ceci shanu da yawa, ban musa ba. Amma ana ware maruƙa gefe guda, iyaye gefe guda, su wuni suna kiran juna. Uwa ba ta fita wurin nan yadda ta shiga.

Cikin waɗanda aka kai har da Wule, saniyar Malam Sada, mai koyar da karatun allo a unguwarmu ta Dudunni. Fara ce mai baƙin kunne, da ɗan maraƙinta wata biyu. Ni ke tatsarta tun haihuwarta ta fari. Ranar da aka zo kanta sai na sulale bayan mutane, don kada ta gan ni cikin masu kayar da ita. Kun ga ashe ina da wayo in na so.

Wule kaɗai ce mai madara da ta rage a unguwar, kuma rai guda ya rataya gare ta. Ƙanwar Malam, Hajo, zazzaɓi ya ɗauke ta ƙarshen damina, ta bar jaririya 'yar wata huɗu, Ladi. Aka kawo ta wurin kakarta Inna Delu, uwar Malam. An nemi mai shayarwa ba a samu ba, don hatsi bai yi ba shekarar, masu goyon ma nasu kuka suke. Awakin gidan ba su haihu ba. Madarar Wule Inna ke dafawa ta sirka, ta ba yarinyar da ɗan ludayi. Da saniyar ta dawo daga sansani da yankakken kunne da ido a waje, kwana goma na yi ina lallaɓa ta kafin ta koma ba da rabin abin da ta saba. Rabin nan shi Ladi ke rayuwa a kai.

Da aka tashi sansani, malamin allura ya ba ni tsohuwar rigarshi ta kaki, mai aljihu biyu da maɓallan ƙarfe. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa riga mai maɓalli ba. Warin magani na jikinta, da na jini, da na zawon shanun da aka kayar. Washegari da hantsi na zura ta na ɗauki ƙwarya.

Matata ta ce, "Ina rigar tatsar?"

Na ce, "Yau ma'aikaci ne zai yi tatsa."

Turken Wule na bayan gidan Malam, bakin hanyar rijiya. Tun da na matso ta bar tuƙa, ta hura hanci. Na gani sarai. Da saniyar wani ce da na juya gida na canza riga, amma na ce ai Wule ce, ta san ni. Na kira sunanta, na sa mata dabaibayi, na saki maraƙin ya tsotsa, na janye shi na ɗaure a ƙafarta ta gaba. Fatar kafaɗarta na rawa. Ina shirin tsugunawa sai ga mata huɗu da tuluna.

Ɗaya ta ce, "Kai jama'a, ku zo ku ga Rabe an zama Bature!"

Wata ta ce, "Baturen kashin shanu ba. Ranka ya daɗe, a yi mamu Turanci mana."

Shi ke nan, kaina ya kumbura. Na miƙe, na tura ƙirji, na toshe hanci, na tafa hannu da ƙarfi na ce, "Kama! Kama! Kayar!"

Wule ta zabura da dukan ƙarfinta. Igiyar turke ta fizgo wuyanta, ƙafafun baya a ɗaure, ɗanta a ɗaure jikin ƙafar gaba. Ta tafi ta gefe ta faɗi bisa kanshi. Na ji wata ƙara kamar an taka busasshen kara. Dariyar matan ta tsaya cak.

Kafin in kwance igiyoyin Malam Sada ya fito. Maraƙin na jan ƙafafun gaba, na baya ba su motsi. Ya ce, "Inna lillahi. Rabe, mi ya faru?" Matan ne suka faɗa mashi. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Kawo wuƙa, kada ya tafi mushe." Muka ɗauke shi can bayan rumbu muka yanka. Amma iska ta kai mata warin jinin.

Ina dawowa na tarar da Inna Delu tsaye da Ladi a baya, ta ɗauki ƙwaryar daga ƙasa tana duban cikinta. Ta ce, "Ina abincin ɗiyata?"

Ranar Wule ba ta taɓa harawa ba, ba ta sha ruwa ba. Tana zagaya turke tana kuka, ta tsaya ta saurara, ta sake. Da la'asar na zo cikin tsohuwar rigar, na tsaya nesa na ce, "Wule." Sunan kawai na faɗa. Ta juya mani ƙaho, fitsari ya zubo mata. Nan na gane ba rigar kaɗai na ɓata ba, har muryata. Sauran madarar jiya ta ƙare tun azahar. Inna ta tace ruwan koko ta ba yarinyar, ta amayar.

Kwana na biyu Malam da kanshi ya tafi Yashe neman madara ko mai shayarwa. Ya dawo da 'yar gora guda, ita ma ta tsinke a hanya don rana. Kafin ya dawo mazan unguwa suka ce a gwada ƙarfi. Na san ƙarfi ƙara ɓata ta zai yi, amma da wane baki zan yi magana? Mutum huɗu suka danne ta jikin turke, wani ya ja. Abin da ya fito bai rufe gindin ƙwarya ba, shi ma da jirwayen jini. Da suka sake ta na hango hantsar daga nesa, ta kumbura tana ƙyalli. Na san lissafin. In aka ƙara kwana biyu a haka, ko madarar ta ƙafe, ko hantsar ta ruɓe.

Kukan Ladi ne ya canza. Jiya ana jin shi har gidana. Yau sai ka shiga zaure kafin ka ji, siriri kamar na ɗan kyanwa. Inna ta fito da ita ta nuna mani tsakar kanta. Maɗigar ta faɗa ciki, har ka iya aza ɗan yatsa a ramin. Ba ta zage ni ba. Nuna mani kawai ta yi ta koma.

Abu guda na yi daidai cikin kwanakin nan. Da muka yanka maraƙin ni na feɗe shi, na cire fatar ɗungurungum har da ta kai, na goge cikinta da toka, ɓangaren gashin kau ban bar ruwa ya taɓa shi ba, don kada warin maraƙin ya fita. Sau ɗaya na taɓa ganin Baffa Buba ya yi haka, lokacin da maciji ya kashe mashi maraƙi. Na cusa ƙaiƙayi cikin fatar, na ɗinke da zaren rama, na sa sanduna huɗu a ƙafafu. Da na tsayar da shi ni kaina sai da na ja da baya. Wuya a karkace, ido babu.

Na ɗauka na je na yi sallama. Na ce, "Inna, akwai dabara guda, amma ba ni zan yi ba. Ta tsane ni. Mazan unguwa ma yanzu ta san hannunsu."

"To wa ya rage?"

"Ke. Ke ke kai mata ƙasari kullum. Ba ta taɓa jin tsoro a hannunki ba."

"Ni akuya kaɗai na taɓa tatsa, ɗan nan."

Na miƙa mata yatsuna huɗu na ce ga hantsa. Haka muka zauna a zaure, tsohuwa na tatsar yatsun ƙato. Ina cewa, "Ba ja ba, Inna. Kama sama, ki matso ƙasa." Ta ce, "Ashe duk ka san wannan." Ta murɗe mani ɗan yatsa har ya yi ƙara. Ban ce wayyo ba.

Kwana na uku da safe Malam ya bi gida-gida ya roƙa kada a yi daka, kada a bi hanyar rijiya ta baya. Shi ma ya tsayar da karatu. Unguwa ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Na watsa toka sama na ga inda iska ta nufa, na je na kwanta bayan danga ta inda warina ba zai kai gare ta ba, ina leƙe ta wata kafa.

Inna ta fito da ƙwarya a hannu guda, fatar a ɗayan, Ladi a bayanta. Malam ya tare ta ya ce, "Inna, aje yarinyar. Ba dabaibayi fa za a sa ba, in ta yi harbi fa?"

Ta ce, "In na aje ta ban san abin da zan tarar ba in na dawo. Kauce, Sada."

Ta je ta tsayar da abin nesa kaɗan da turke, ta barbaɗa mashi kanwa a baya da gindin wutsiya yadda na ce, ta ja gefe ta zauna ƙasa. Wule ta sunkuyar da ƙaho tana huci. Ta matso, ta shinshina, ta ja da baya har igiya ta miƙe. Ta yi wani kuka wanda har yau in na tuna sai in aje abin da ke hannuna. Ni ina bayan danga, bakina cike da abin da zan faɗa, ba halin faɗa. Tari ya taso mani, na cusa gefen riga a baki.

Haka muka zauna har inuwar danga ta janye ta bar ni cikin rana. Kan Ladi ya langaɓe a bayan kakarta, ba kuka, ba motsi. Sau biyu na ga Inna ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar yarinyar. Ban san abin da ta ji ba, fuskarta ba ta nuna ba.

Can sai Wule ta sake matsowa. Ta daɗe da hanci a gindin wutsiyar. Sai harshe ya fito. Ta lasa sau ɗaya, ta tsaya. Ta sake. Daga nan ta shiga lasa da ƙarfi har abin ya faɗi. Na ce a raina shi ke nan, ta gane. Inna ta ja gindi a hankali ta tayar da shi, ta tokare shi da gwiwa. Saniya ta ci gaba da lasa. Ina kallon wuyanta sai na ga wani dunƙule ya hau daga ƙasa zuwa baki. Ta fara tuƙa. Kwana uku rabona da ganin haka.

Na duba ƙasa. Kan nonon ya cika, ɗigo guda na lilo a na gaba.

Inna ta tsuguna dab da ƙafar bayan da ba a ɗaure ba, kan jikarta bai fi taki guda da kofato ba. Ta kama sama, ta matso ƙasa. Na fari ya kauce ya zuba a ƙasa. Na biyu ya faɗa ƙwarya, tsirr. Wule ta ɗaga ƙafa. Na rufe ido. Da na buɗe ta mayar da ita. Ƙarar ta yi ta canzawa har ta koma irin ta madara bisa kumfa, wadda duk mai tatsa ya sani ko yana barci.

Ba ta tsaya dafawa ba. Nan gindin saniyar ta kwanto goyon, ta tsoma yatsa cikin ƙwarya ta sa mata a baki. Ba komai. Ta sake tsomawa. A na uku na ga ɗan maƙogwaron ya motsa.

Ladi ta rayu. Ta yi aure a Kusada, jikokinta duk sun fi ni karatu. Wule kau ba ta ƙara yarda da ni ba har ta bar duniya. In na biyo hanyar rijiya sai ta bar ci ta bi ni da ido har in ɓace. Inna ce ta ci gaba da tatsarta har aka yaye yarinyar, kullum da fatar nan a gaba. Aikina ya koma gyara, don lasa na cinye gashin, ɗinki na kwancewa, ƙaiƙayi na zuba.

Wata rana, bayan kamar wata biyu, ina zaure ina ƙara mashi ƙaiƙayi. Lokacin ba abin da ya rage na kamar maraƙi, ya zama kamar tsohuwar salka. Yarinya ta yi kumatu, ni kuma bakina ya dawo. Inna na zaune da ita a cinya tana ba ta madara. Na ɗaga abin sama na ce, "Inna, ki duba fa abin da muka ruɗi saniya da shi. Dabba dai dabba ce."

Ba ta ɗago ba. Ta share bakin Ladi da gefen zane, ta daɗe tana duban fuskarta, fuskar Hajo sak. Ta ce, "Rabe, kai a ganinka ba ta san ya mutu ba?"

Na ci gaba da ɗinki.